Allo ya kunna amma zurfin ruwa sai ƙyaftawa yake: gyaran na'urar gano kifi a kan kayak

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce ke ta yawo a wajen masu kamun kifi da kayak, wato ɗan siririn kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili, mutum ya sayi na'urar gano kifi da kuɗinsa masu ciwo, ya ɗaura, ya shiga ruwa, allo ya kawo haske tas amma lambar zurfi sai ƙyaftawa take, ko ta nuna rabin mita alhali yana tsakiyar tafki. Daga nan sai a ce ai jabu aka sayar masa. To a yawancin lokuta na'urar lafiyarta ƙalau, matsalar tana wurin ɗan baƙin abin nan da ke zuwa tare da ita mai harba sauti cikin ruwa, tiransdusa, kuma a kansa za mu daɗe yau.

Bari mu wuce masu sauƙin da gudu. Batir mai bolt 12, irin ƙaramin nan na UPS mai 7Ah ya isa, domin ƙaramar na'ura kamar Garmin Striker 4 ko rabin amp ba ta ja, za ka wuni a ruwa bai ƙare ba. In aljihu da nauyi ka ɗauki na litiyom, ya fi rashin nauyi nesa ba kusa ba, kuma a kayak kowane kilo ana jin sa a kafaɗa. Jar waya a kan alamar tarawa, baƙa a ɗaya gefen, fiyus mai amp 3 a kan jar wayar kusa da batir, kar ka ce za ka tsallake shi. Batir cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. Allo kuma ka ɗaura shi inda hannu zai kai amma filafili ba zai buge shi ba, ka zauna a ciki ka gwada tuƙi tukuna kafin ka huda ko'ina. Shi ke nan wannan.

Yanzu mu dawo kan tiransdusa. Wannan abin ba kyamara ba ce, ba ya ganin komai, shi ya sa ko ruwa ya yi jawur da laka bayan ruwan sama yana aiki. Sauti yake harbawa ƙasa, ya saurari dawowarsa. Sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, to in ƙasan ruwa na mita 15, zuwa da dawowa mita 30 ke nan, kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa, da wannan lissafin na'urar ke rubuta maka zurfi. Abin da mutane ba su gane ba shi ne wannan sautin ba ya ƙetare iska. In ya taho ta ruwa ko ta roba ya ci karo da iska, fiye da kashi 99 cikin 100 nasa komawa yake baya nan take. Kumfa ɗaya tal, wadda ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, in ta maƙale a fuskar tiransdusa ta isa ta rage maka hoto, in suna da yawa kuwa sai dai ka ga ƙyaftawa.

Duk wanda ya taɓa raka iyali asibiti a yi sikanin ya ga yadda ake shafa mai sanyin nan a ciki kafin a ɗora na'ura. Dalilin ɗaya ne, a kori iskar da ke tsakani. Haka nan ma, dole daga fuskar tiransdusa har cikin ruwa ya zama babu gurbin iska ko kaɗan.

Hanyar da aka fi so a kayak ita ce a manna shi daga ciki, a ƙasan jirgin, sautin ya ratsa robar ya shiga ruwa, ba huda ba komai, dutse ma ba zai taɓa shi ba. Tana aiki sosai a kayak ɗin roba mai bango ɗaya. Amma kafin ka taɓa gam, yi wannan gwajin, wallahi zai hutar da kai. Zuba ruwa a leda, saka tiransdusan a ciki, jiƙa wurin da kake so a ƙasan jirgin, ka danna ledar a kai kana cikin ruwa. Kalli allo, in wurin ya yi za ka ga layin ƙasa ya fito ɓaro-ɓaro, lambar ta tsaya cak. Matsa shi gefe kaɗan inda robar ta yi kauri ko ta lanƙwashe, za ka ga ya dusashe. Inda ya fi fitowa nan za ka yi wa alama.

Sai a goge wurin da samfefa sama-sama, a wanke da sifirit, a bari ya bushe. Yanzu ku kula da kyau, nan ne ake faɗuwa. Ana matsa gam ɗin silikon ko na Marine Goop a wuri guda, bakin bututun yana nutse cikin gam ɗin, ba a ɗaga shi, ba a zagaya shi, ba a motsa shi da tsinke, tudu ɗaya mai kauri. Duk ɗagawa ɗaya kumfa ce ka binne. Sai ka ɗora tiransdusa ta gefe ɗaya ka kwantar da shi a hankali kana ɗan murzawa, gam ɗin ya fito ta gefuna. Da ka danna ka danna ke nan, kar ka ɗago don ka leƙa, in ka ɗago sai dai a kankare a sake daga farko. Ɗora wani abu mai nauyi a kai ka ba shi aƙalla awa 24. Ni dai ba na son epoksi a nan, ba ya kama irin robar kayak da kyau, mai saurin bushewar kuma tun a wajen kwaɓawa yake tara kumfa. Wasu na amfani da Duct Seal, ƙullin nan na masu wayarin, su yi ɗan kewaye da shi su zuba ruwa a ciki tiransdusa ya zauna, yana yi, sai dai ka tuna da ƙara ruwa duk fita.

Kuma fuskarsa ta kalli ƙasa sak lokacin da kake zaune a ciki da kayanka, ba lokacin da jirgin ke kan siminti ba. A allo kifi yana fitowa ne a lanƙwashe kamar bakan gizo, to in ya karkace, kifi zai riƙa fitowa rabin baka maimakon cikakke, zurfin ma ya ƙaru a banza.

Wannan hanya tana da farashinta. Zafin ruwan da allo zai nuna na cikin jirgi ne, hoto yana ɗan raguwa, irin tiransdusan da ke duba dama da hagun jirgi kuwa sam ba ya aiki ta cikin roba. In irin wannan ka saya, sai dai ka sa shi ta ramin tsiyayar ruwa ko ka rataye shi da hannun ƙarfe a gefen jirgi ya nutse kai tsaye. 'Yan uwa masunta na Kainji, Tiga da Tafkin Chadi masu kwale-kwalen katako, ku ma na gefe za ku yi, katako cike yake da iska, sauti ba zai ratsa shi ba ko ka zuba gam kwalba guda.

Sauran matsaloli a gurguje. Ka kunna a tsakar gida ka ga kifi na ta wucewa a allo, ba aljanu ba ne, demo ce, wato hoton gwaji da ke cikin na'urar, shiga saiti ka kashe ta. Ka kunna a tudu bai nuna zurfi ba, daidai ne, a iska ba ya karantawa, kar ma ka bar shi a kunne a bushe ya daɗe. In kana son sanin ko yana da rai kara shi kusa da kunne, sau da yawa za ka ji yana tik tik tik. Allo na mutuwa da kansa, auna batir, in ya sauko kusan bolt 10 to shi ne. Duba filogi ko ya yi kore da tsatsa, goge shi ka shafa giris na lantarki. Wayar tiransdusa in ta yi tsawo naɗe ta, kar ka yanke. Layuka tsaye suna cika allo duk sanda ka kunna injin tuƙa jirgi mai aiki da batir, raba musu batir.

Na ƙarshe, ku kashe saitin nan da ke zana ɗan hoton kifi, domin ganye, reshe, har kumfa duk kifi yake kiran su. Ku koyi karanta bakan da kanku. Abin da ke dawo da sauti sosai a jikin kifi 'yar jakar iskar nan ce ta cikinsa, shi ya sa babban giwan ruwa ke fitowa da kauri da launi mai ƙarfi. Gefen dama na allo shi ne abin da ke ƙarƙashinka yanzu, na hagu ya riga ya wuce, kuma in ka saita mitar sautin a 200 kHz faɗin wurin da kake dubawa kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin ne, a mita 6 mita 2 kacal kake gani, don haka ka yi ta tuƙi a hankali kana zagayawa kafin ka ce wurin ba kifi.