Tsakanin Mutum da Takarda: Lacca Ga Sabbin Ɗaliban Taimakon Shari'a da Na Laburare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban taro, 'yan'uwana malamai, 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da hantsi.

An tara mini ku a zaure ɗaya, masu karatun taimakon shari'a da masu karatun laburare, kuma tun daga ƙofa na ji ana tambayar me ya haɗa kifi da kaska. Takarda ce ta haɗa ku. Dukanku za ku zauna ne tsakanin mutum da wata takarda da yake bukata amma bai san inda take ba, ko ya sani bai iya karanta ta ba. Ɗaya talaka ne a bakin caji ofis, ɗayan yaro ne ɗan aji huɗu.

Bari in fara da ku masu shari'a. Ku ba lauyoyi ba ne, kuma ina so wannan ya zauna muku tun yau. Wanda bai gama digirin shari'a ya wuce makarantar horas da lauyoyi an rantsar da shi ba, ba ya sa rigar lauya ya tsaya gaban alƙali. Amma kada ku raina matsayinku. Hukumar ba da agajin shari'a ta Najeriya tana nan tun 1976, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci mataimakan lauya, ta ba hukumar ikon ba wanda ya yi kwas ɗin lasisin aiki. A Malawi, tun shekarar 2000 irinku suke shiga gidajen yari suna koya wa masu jiran shari'a yadda ake neman beli.

To me za a koya muku? Tsarin kotuna, matakan shari'ar laifi, rubuta wasiƙa da takardar rantsuwa, sulhu, da rabon gado. Duk suna da kyau. Abin da ke damuna shi ne za ku haddace su da Turanci, ku rubuta jarrabawa da Turanci, alhali matar da za ta zo muku da Hausa za ta yi kuka. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Kowa zai iya rubuta wannan ya ci maki. Amma wa zai iya zaunar da tsohuwar da ɗanta ya kwana biyar a tsare, ya faɗa mata wannan da harshenta, ya ƙara mata da cewa belin 'yan sanda kyauta ne, sannan ya raka ta?

Na taɓa zama da wata bazawara da dangin mijinta suka ce mata ba ta da komai a gidan, tunda ita bare ce. Shekara biyu ta yi tana ɗauke da wannan magana. Tana da 'ya'ya uku da marigayin. Tumuninta yana nan, kashi ɗaya cikin takwas, Alƙur'ani ya yanka mata, ga kuma rabon 'ya'yanta. Abin da kowane ɗalibin zangon farko ya sani ne, amma ba wanda ya gaya mata. Har yau idan na tuna fuskarta lokacin da ta ji, sai zuciyata ta yi nauyi. Saboda haka nake roƙon malamanku, kowane darasi a ware masa minti goma: ɗalibi ya tashi ya bayyana dokar da Hausa, wani ya zauna a matsayin mai ƙorafi.

Yanzu ku 'yan laburare. Sana'arku tana da asali a ƙasar nan. An kafa ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya a 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin a 1968, hukumar yi muku rajista kuma ta samu dokarta a 1995. Za ku koyi yi wa littafi kati, ku koyi tsarin Dewey na jera littattafai da lamba, wanda aka fara bugawa a 1876, inda Musulunci yake lamba 297, shari'a kuma 340. Ku koye shi da kyau, domin ɗakin da ba tsari rumbu ne kawai.

Sai dai ranar da aka tura ku makarantar firamare ko sakandare, ba lallai ku tarar da kanta ɗari ba. Ƙila ku tarar da ɗaki a kulle, makulli a aljihun hedimasta, kwalaye jibge a ƙasa, gara ta fara aikinta. Sau da yawa ba mugunta ba ce, tsoro ne kada littafi ya ɓace a tuhume shi. Kwas ɗinku ya kamata ya koya muku yadda za ku shawo kansa da ladabi, ku samu awa ɗaya a jadawalin mako, ku buɗe rajistar aro, ku zauna kan tabarma ku karanta wa yara labari da murya. A ganina littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa. Ku nemi na Hausa ku jera a ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun ƙaramin cikinsu zai kai.

Akwai wata huɗu na koyon aiki bayan shekarar farko. Na san wasu na neman ofis mai sanyi a sa musu hannu a littafi. Don Allah kada ku yi haka. Mai shari'a ya nemi rajistarar kotu ko ofishin agajin shari'a, mai laburare ya nemi makarantar unguwarsu.

Aikinku na farko kafin Litinin: masu shari'a ku rubuto mini sashe na 35 da Hausa a shafi ɗaya, ku karanta wa wata babba a gidanku, ku rubuto tambayoyin da ta yi muku. Masu laburare ku je makarantar da kuka yi, ku ƙirgo littattafan da yaro zai iya ɗauka da hannunsa. Malam shugaba, na ga hannu biyu a baya, a ba su makirfo.