Jawabin maraba ga Mai girma Kwamishinan Lafiya kafin tafiyarsa taron fasahar koyar da aikin lafiya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Kwamishina ranka ya daɗe, da tawagarka, iyayenmu masu unguwanni, malamai abokan aiki, sai kuma 'ya'yana ɗalibai nas-nas da ungozomomi da suka cika holin nan tun da hantsi, sannunku da zuwa, lale marhabin. Ranka ya daɗe mun san aiki ya maka yawa amma ka yanki lokaci ka zo, Allah Ya saka da alheri.

Mun samu labarin wata mai kamawa za ka wakilce mu a babban taron ƙasa da ƙasa kan shigar da fasahar zamani cikin karatun lafiya, to da aka ce za ka biyo ta makarantarmu sai muka ce faɗuwa ta zo daidai da zama, dama muna da saƙo.

A can za a nuna maka abubuwan mamaki, tabarau da ɗalibi zai saka ya ga zuciya tana bugawa a gabansa, teburi mai allo da ake feɗe jikin mutum a kai ba tare da an taɓa gawa ba, da manhajojin da ke amsa tambaya kamar malami. Muna so wallahi, wa zai ƙi? Amma ni abin da ya fi damuna a matsayina na malamar ungozoma shine kada yarinya ta fara ganin zubar jini bayan haihuwa a kan mace mai rai, ƙarfe biyun dare, ba likita a kusa, hannunta na rawa.

Maganin wannan kuwa ba sabo bane. Tun 1960 wani mai yin kayan wasan yara a ƙasar Norwe, Asmund Laerdal, ya ƙera 'yar tsanar nan Resusci Anne da ake koyon farfaɗo da numfashi a kanta. Daga gidan nasu ne aka fito da MamaNatalie, wadda malama ke ɗaurawa a cikinta kamar jaka, da jaririn roba a ciki, ta saki jan ruwa kamar jini ɗaliba ta yi ta fama har ta tsayar, in ta kuskure a sake, a sake kuma, ba wanda ya mutu. Ba ruwanta da wuta ba ruwanta da intanet. Tamu ta gaji, an ɗinke ta an kuma ɗinkewa, kuma layin da ake yi a kanta ya fi na gidan mai, ɗalibai ku daina dariya gaskiya ce.

Sannan in an zo ba da labari a taron dan Allah kar a zauna ana sauraro kawai, mu ma muna da abin faɗa. Binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa da aka fitar a 2023 an yi shi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano ce ta jagoranci ɓangarenmu. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai jego jinin ya taru a gani da ido maimakon kintace, da ya kai layi sai a murza mahaifa, a ba da allurai, a sa ruwa, duk a tare ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Leda fa ranka ya daɗe, sai horon ma'aikata.

Lokacin korona a 2020 mun gwada darasi ta Zoom, rabin aji ba sabis, sauran data ta ƙare ana tsakiyar bayani, a ƙarshe saƙon murya ta WhatsApp ne ya cece mu. Shi yasa muke roƙo in masu kamfanoni suka tare ka, ka tambaye su ko darasin nasu yana buɗuwa in an sauke shi a ƙaramar waya ba intanet, ko na'urar za ta jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu, in ta lalace wa zai gyara mana a nan, kuma za su fara horar da mu malamai ko za a jibge mana kaya ne a kwali a kulle a sito. A haɗa mana da sola ma in da hali.

Yanzu in ka yarda za mu ƙarasa ɗakin gwaji, 'yan aji uku sun shirya za su karɓi haihuwa a gabanka, kar ganin jan ruwan ya tsorata kowa zoɓo ne muka tsinka. Na sha kuma yana ofis da sanyinsa. Bisimillah ranka ya daɗe.