Fim ɗaya, 'yan kallo iri biyu: yadda ake karɓar finafinan kimiyya na kuɗin karo-karo

A mafi yawan gidajen sinima, da zarar labari ya ƙare sunaye suka fara hawa allo, mutane kan miƙe su nufi ƙofa. Amma akwai wani irin fim da idan ya ƙare, sai a ga wasu daga cikin 'yan kallo sun zauna daram, sun saita wayoyinsu a kan allo, suna bin dubban sunaye da ido, har sai wani ya hango nasa ya taɓa na kusa da shi yana nuna masa. Waɗannan su ne mutanen da suka yi karo-karon kuɗin da aka shirya fim ɗin da shi, kuma idan aka fito waje aka tambaye su yadda suka gan shi, amsarsu kan sha bamban da ta wanda ya yanki tikiti kawai ya shigo bai san tarihin abin ba. Wannan bambanci ne za mu duba a wannan bidiyo, musamman a finafinan ƙagaggun labaran kimiyya, wato masu kumbo da mutum-mutumi da duniyoyin da ke bayan tamu.

Karo-karo ta intanet ya samu gindin zama ne bayan buɗe shafin Indiegogo a 2008 da na Kickstarter a 2009. Mai shirya fim yakan faɗi adadin kuɗin da yake nema da wa'adin da ya ɗiba, ya saki 'yar gajeriyar tirela, wato ɗan bidiyon tallan fim ɗin, sannan ya yi wa duk wanda ya ba da gudummawa alkawarin wani tukuici gwargwadon abin da ya bayar, kamar kwafin fim ɗin, ko riga, ko sa sunansa a ƙarshen fim, ko ma gayyatarsa wurin ɗaukar hoto. A Kickstarter, idan wa'adi ya cika ba a haɗa adadin da aka nema ba, ba a cirar ko sisi daga asusun kowa. Abin lura shi ne, a galibin lokuta mai ba da gudummawa ba shi da kaso a ribar fim ɗin, abin da ya saya shi ne alkawari da kuma jin cewa da shi aka yi.

Fim ɗin kimiyya kuwa yana da tsada ta yadda sauran ba su da ita, domin labarin soyayya na iya wadatuwa da ɗaki ɗaya da 'yan wasa biyu, alhali labarin da ke faruwa a duniyar wata sai an ƙera masa komai, ko da katako da fenti ko da kwamfuta. Saboda haka ƙarancin kuɗi ya fi saurin tona asirin wannan nau'in fim, kuma a nan ne ra'ayin 'yan kallo yake fara rabuwa.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Iron Sky. Tushensa wasu matasa ne a birnin Tampere na ƙasar Finlan, waɗanda suka shafe shekaru bakwai suna haɗa wani fim na barkwanci mai suna Star Wreck, mafi yawansa a falon wani gida, suka kuma sake shi kyauta a intanet a 2005. Mutanen da suka taru a kansu a wancan lokaci su ne suka bi darakta Timo Vuorensola zuwa aikinsa na gaba, labarin 'yan Nazi da suka tsere zuwa bayan duniyar wata a 1945 suka dawo yaƙar duniya a 2018. An kashe kimanin Yuro miliyan 7.5, kuɗin da a ma'aunin manyan kamfanonin Amurka bai taka kara ya karya ba, kuma wani ɓangare nasa daga aljihun masoya ya fito, har wasunsu suka zuba hannun jari na gaske. Ba kuɗi kaɗai suka bayar ba, sun ba da shawarwari da zane-zane, sun kuma riƙa shiga shafin fim ɗin suna neman a kawo shi garuruwansu.

Da aka fara nuna shi a bikin finafinai na Berlin a watan Fabrairun 2012, sai magana ta rabu biyu. Masu sharhin finafinai da yawa sun yaba da hotunan kumbo da yaƙin sararin samaniya, ganin irin kuɗin da aka kashe, amma suka ce barkwancin bai kai ƙarfin dabarar da aka gina labarin a kanta ba, har a shafin Rotten Tomatoes, mai tattara sharhin masu sharhin finafinai, waɗanda suka yabe shi ba su kai rabi ba. Masoyan kuwa suka tsaya masa tsayin daka. Lokacin da kamfanin da ya sayi haƙƙin rarraba shi a Birtaniya ya shirya nuna shi a sinima na rana ɗaya tak, ƙorafin da suka yi ne, tare da na masu fim ɗin, ya sa aka ƙara kwanaki.

Ana iya cewa ai so hana ganin laifi, a rufe maganar, amma abin ya fi haka zurfi. A 2012 wasu masana halayyar ɗan Adam uku, Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely, sun wallafa binciken da ya nuna cewa mutum yakan ba abin da ya haɗa da hannunsa darajar da ta fi wadda wani zai ba shi, ko da kuwa haɗin bai yi kyau ba, suka kuma laƙaba wa wannan hali sunan kamfanin IKEA mai sayar da kayan ɗaki da mai saye ke harhaɗawa da kansa. Wanda ya shekara uku ko huɗu yana karanta saƙonnin masu shirya fim, ya ji lokacin da kuɗi suka ƙare, ya ga hoton ɗan wasa a gaban koren kyalle kafin a mayar da wurin filin yaƙi, idan ya zauna kallo yana ganin wahalar da aka sha a bayan kowace fitowa. Baƙo ba ya ganin komai daga wannan. Shi abin da ya sani shi ne ya biya kuɗin tikiti daidai da na fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 200, don haka da wancan zai gwada wannan. A ganina babu wanda ya yi rashin adalci a cikinsu, ma'aunin ne kowa da nasa.

Wannan ne ya sa makin da irin waɗannan finafinai ke samu a makon farko a shafuka kamar IMDb, inda 'yan kallo ke ba finafinai maki, yake bukatar a karanta shi da hankali. Waɗanda suka fara kallo su ne waɗanda suka fi ƙaunar abin tun kafin a haife shi, kuma sharhinsu yana da alamar da ake gane shi da ita, domin kusan kullum yakan fara ne da ambaton ƙarancin kuɗin da aka kashe kafin a zo ga yabo, a ce idan aka duba abin da suke da shi, sun yi ƙoƙari. Bayan 'yan watanni, idan fim ɗin ya isa ga waɗanda ba su san da zamansa ba, makin yakan sauko ya daidaita.

Duk da haka, abin da 'yan kallo ke yafewa da wanda ba sa yafewa ba ya canzawa sosai. Kumbon da ake gane cewa na kwamfuta ne, ko kayan sawar da suka yi araha, ba su cika ɓata wa mutane rai ba, wani lokaci ma su ne abin so. Abin da ke kashe fim shi ne sautin da ba a ji sosai, da wasan da ba ya ratsa zuciya, da labarin da ya ƙare tun a minti na ashirin aka ci gaba da jan sa. Akwai kuma wani tarko da tsarin karo-karo ke ɗanawa da kansa: tirela ce ke tara kuɗin, don haka akan zuba mafi kyawun dabaru a cikin minti biyu, sai a wayi gari dabarar da ta ƙayatar a minti biyu ta kasa riƙe minti casa'in.

David Sandberg na ƙasar Suwidin ya tsira daga wannan tarko, wataƙila don kuɗin ba su kai ba. Ya nemi dala 200,000 a Kickstarter don Kung Fury, ya ce idan aka kai miliyan ɗaya zai mayar da shi cikakken fim, sai mutane fiye da 17,000 suka haɗa kimanin dala 630,000. Ya tsaya a rabin awa, ya sake shi kyauta a YouTube a watan Mayun 2015, kuma masoya da baƙi suka karɓe shi hannu biyu-biyu, domin barkwancin ya ƙare kafin ya gundure su. Code 8 na ƙasar Kanada, wanda 'yan wasa Robbie Amell da Stephen Amell suka nema wa kuɗi a Indiegogo a 2016 suka samu fiye da dala miliyan 2, ya bi wata hanyar daban. Ya fito a ƙarshen 2019 ba tare da wata hayaniya ba, sai da ya hau Netflix a watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, ya shiga jerin finafinai goma da aka fi kallo, kuma yawancin waɗannan 'yan kallo ba su taɓa jin labarin karo-karonsa ba. An fitar da kashi na biyu a 2024.

Akwai gefen da masu shirya fim suka fi tsoro, domin wanda ya ba da kuɗinsa a kan alkawari yana jin yana da bakin magana, kuma alkawari kaya ne. Idan ranar fitowa ta yi ta gusawa, ko tukuici bai iso ba, ko masu fim suka yi shiru na watanni, fushin masoyi yakan fi na baƙo zafi, don baƙo awa biyu kawai ya yi asara, shi kuwa yana ganin an ci amanarsa. Kashi na biyu na Iron Sky ya sake tara kuɗi daga masoya ta Indiegogo, aka ɗauki hotonsa a 2015, amma bayan ɗage ranar fitowa sau da yawa bai fito ba sai a watan Janairun 2019. Masu sharhi ba su raga masa ba, cinikin da aka sa rai bai samu ba, kuma a wannan karon da yawa daga cikin waɗanda suka kare kashi na farko ba su fito kare na biyu ba. A 2020 kamfanin Iron Sky Universe da ya shirya shi ya bayyana cewa ya durƙushe.