Injin wanke kafet ya so ya kunyata ni a Jos, buta ce ta fitar da ni

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da muryata, hazon Jos ne ya kama mini maƙogwaro, yau kwanana biyar da saukowa daga Manchester. Bari in juya muku waya ku ga falon Hajiya. Kun ga wannan gefen da ya yi haske? Kun ga wancan da ya yi ja kamar an barbaɗa masa garin barkono? Kafet ɗaya ne wallahi. Amma kafin in kai ga wannan hasken, sai da na sha kunyar da ban taɓa sha ba a gaban Gwaggo da maƙwabta, kuma duk a kan zuba ruwa. Ruwa kawai!

Ga mutumin nan a ƙasa, ɗan injin wanke kafet, irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya. Fam ɗari da 'yan kai na saye shi, kar ku ce in lissafa muku da naira, raina zai ɓaci. Kilo 23 ake ba ka a kowane akwati a jirgi, injin shi kaɗai ya cinye mini wurin takalma da turarukan da na yi wa mutane alkawari. Daga Abuja kuma a cinyata ya zauna har muka hau Hawan Kibo, don ban yarda a danne shi a bayan mota ba. Yayana sai dariya yake, wai na haifi ɗa na uku.

To bari in nuna muku yadda yake. Tanki biyu gare shi. Wannan na ruwa mai tsabta ne, wancan na dauɗar da ya zuƙo. Na mai tsabtar bai kai lita biyu ba, kuma a jikinsa akwai layi biyu: ka zuba ruwa zuwa layin farko, ka cika da ruwan sabulunsa zuwa na biyu. Sai ka ɗaure murfi, ka kifa shi a kan injin, don murfin ne a ƙasa, akwai ɗan abin da ke buɗewa idan ya zauna daidai. Shi ke nan fa. Sai dai wanda ya ƙera shi ya ɗauka kowane gida a duniya bango ake murɗawa ruwan ɗumi ya fito.

Ko a can Ingila ma ba haka abin yake ba. Gidan da muke haya tsohon gini ne, kafet tun daga bakin ƙofa har matakala har ɗakin kwana, ga yara biyu, ga kuɗin ajiya a hannun mai gida da yake jiran ya ga tabo ɗaya ya zaftare. Ranar da na fara kawo injin na shiga banɗaki da tankin, sai na ga bai shiga ƙarƙashin famfon ba. Wurin wanke hannun ɗan mitsitsi ne, kuma famfo biyu ne daban-daban, ɗaya na zafi mai ƙona hannu, ɗaya na sanyi kamar ƙanƙara, kowa yana kallon gabansa. Na karkata tankin, rabi ya shiga, rabi ya jiƙa mini hannun riga. Na koma kicin, nan famfon dogo ne ya shiga, amma sai ka kwashe kwanuka tukuna, ga sauka da hawa a matakala duk lokacin da ruwan ya ƙare. Daga baya wata 'yar Zariya da muke aiki tare ta ce in kwance kan shawa in bar tiyon kawai in zura a bakin tankin. Wannan ya yi, ba laifi, in dai ba ka buɗe da ƙarfi ba. Na taɓa buɗewa da ƙarfi, tiyon ya kufce ya yi mini wanka da kayan aikina a jiki.

Abin da ya raba gardama buta ce. Butar roba irin tamu, wadda na samu a shagon wasu 'yan Pakistan a Longsight, su lota suke ce mata. Bakinta siriri, kai tsaye cikin tankin, ka surka ruwanka yadda kake so tun a ciki, kana zubawa kana kallon layi. Turawan nan da duk iliminsu ba su kai ga buta ba, ni dai har yanzu abin yana ba ni mamaki.

To mu dawo Jos. Ranar da zan gwada wa Hajiya, gidan ya cika da 'yan sannu da zuwa. Ni kuma na riga na cika baki tun a waya, na ce wannan kafet da aka shimfiɗa tun bikin Yaya sai ya koma sabo. Famfon gidan nan, ku gan shi can, ya daɗe da zama abin rataye tsumma. Sai na miƙa wa Auta tankin na ce ya cika mini, na juya ina gaisawa da mutane. Ashe bawan Allah rijiya ya nufa, ya ja guga ya kwarara kai tsaye. Yanzu rani ne, ruwan ya yi ƙasa, gugan har laka yake taɓowa. Ban lura ba. Na jona wuta, na matsa abin fesawar nan mai kama da kunamar bindiga, ya fesa sau biyu, ya yi tari, ya yi tsit. Inji yana ta ƙara, ruwa ko ɗigo. Mata kusan goma sun zuba mini ido. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Allah sarki 'yar nan, ko bai saba da ƙasar ba ne? Mu dai da buroshi da omo muka sani."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ramin da ruwan ke fita ta cikinsa bai fi tsinin allura ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Sai da na zauna a tsakar gida na zubar da ruwan, na ɗauraye tankin sau uku, na wanke kan fesawar, na ɗan sosa ramin a hankali. Don Allah ku ji ni, in za ku yi amfani da ruwan rijiya, ku ɗebo tun dare ku bar shi a bokiti ya kwanta, da safe ku tsiyaye na sama. Sannan ku tace. Da me na tace? Da ƙyallen tatar kamu na Hajiya. Ta yi faɗa, amma shi ya yi aikin, kuma na yi alkawarin yadi guda in na shiga kasuwar Taminus.

Ruwan 'yan garuwa ma kar ku yarda da idonku. Na burtsatse ne galibi, fes yake, amma jarkokin nan da suke turawa a kura, ku leƙa gindinsu wata rana. Shi ma na tace shi. Kuma kar wanda ya ce zai ɗaga jarka mai lita 25 ya saita bakin tankin nan, Auta ya gwada, ƙafafunsa suka sha. Sai ya ce wai bari ya ɗora jarkar a kan kujera ya zuƙo da tiyo kamar yadda ake zuƙo mai daga mota. Dabara ce mai kyau, ruwan zai gangaro da kansa muddin jarkar ta fi tankin tudu. Da ya kawo tiyon na sunsuna, na janareta ne. Na ce Auta, so kake falon Hajiya ya koma gidan mai?

Wata maƙwabciyarmu ta ce a sa fiya wata mana. Na lissafa, leda ɗaya rabin lita ce, uku sun kusa cika tankin, kuma falon nan sai na cika shi ya fi sau goma. Hajiya ta ce ba a gidanta za a shayar da kafet ruwan da mutane ke saye su sha ba. Gaskiyarta.

Sai maganar zafi. Da na ce ruwan ɗumi ya fi cire dauɗa, kafin in juya Hajiya ta sa an sauke tukunya tana tafarfasa, ta ce ga shi nan. Ihu na yi. Tankin roba ne, tafasasshen ruwa zai lanƙwasa shi, ya lalata robar murfin, daga nan sai yoyo. Takardar da ta zo da shi cewa ta yi kar ya wuce digiri 60. Ni ma'aunina hannu ne, kamar ruwan wankan jariri amma ya ɗan fi, in ka tsoma yatsa ka kasa barinsa a ciki, ƙara surki. Kuma dardumar nan mai ja ta Makka ban sa mata mai zafi ba sam, sai da na gwada a lungu na ga ba ta zuba.

Omon Gwaggo kuwa, na roƙe ta da girman Allah ta mayar. Kumfa yake yi, kumfar ta cika tankin dauɗa, injin ya daina zuƙa, in ba a yi sa'a ba ta kai ga inda bai kamata ruwa ya kai ba. Wanda ya rage a jikin kafet kuma shi zai riƙa kama ƙura. Kwalba biyu ta ruwan sabulun na zo da su, na naɗe a cikin zani, na ce wa Hajiya a yi tattali.

Af, kafin in manta. Masu 'yan uwa a Amurka, ku kiyayi injin da za a aiko muku daga can. Wutarsu 120 ce, tamu 230, kuna jonawa za ku ji ƙauri. Na Ingila kuwa wutarmu ɗaya, har filogin mai ƙafa uku iri ɗaya ne, ko canji ban nema ba.

Abu ɗaya da Jos ta fi Manchester nesa ba kusa ba, bushewa. Can in na wanke kafet da safe, har dare yana da danshi, sai na kunna hita ina kallon kuɗin wuta yana tafiya. Nan kuwa tagogi kawai muka buɗe, iskar hunturu ta shigo, kafin la'asar yara na birgima a kai. Sanyin garin nan ma daban yake, sanyi ne mai rana a sama, ga ƙamshin hayaƙin gawayi da masa da sassafe. Shekara shida ina shan sanyin Turai, ban taɓa jin wanda ya yi mini daɗi irin wannan ba. Kai, bari in bar maganar nan kar in yi kuka a gaban waya.

Ku ga ruwan da ya fito daga gefe ɗaya kawai. Kamar kunun kanwa da aka zuba wa jar ƙasa. Da na ɗaga shi Gwaggo ta yi salati, ta ce ashe a kan wannan muke sallah. Yanzu haka ta aiko jikanta wai in na gama a kai mata injin Gangare, na ce sai dai in je da kaina, da butata da ƙyallena.

Ita ma butar sai da aka yi shari'a a kanta. Na ɗauki ta alwalar Hajiya, ta ce in ajiye mata kayanta kar in sa mata warin sabulu. Aka aiki yaro bakin titi ya sayo sabuwa shuɗiya, na ɗaura mata zare a hannu don kar ta bi sahun na banɗaki. Ga tankin ma ya sake ƙarewa, kuma gara in yi sauri kafin a ɗauke wuta. Auta! Miƙo mini butar nan. A'a, ba wannan ba, mai zaren. Ka surka kuwa?