Gem ɗin 1999 da ya san dare ya yi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗan matso ku ga allon nan, bari in karkata shi wajen fitila, kun san Game Boy Color ba shi da hasken kansa. Kun gani? Duhu ya sauka a cikin wasan Pokémon Gold, tagogin gidaje duk sun kunna wuta. Nan Osaka ma dare ne, ƙarfe tara ta wuce. Wallahi da na fita Route 29 ina jiran tsuntsun nan Pidgey ya faɗo min daga ciyawa, sai ga wata mujiya mai zaro ido, Hoothoot, sai da na ajiye na'urar na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Kaset ɗin da ya fito a Japan a watan Nuwamban 1999 ya san lokacin da nake ciki!

Pokémon Gold ke nan, wasan kama halittun da ake kira Pokémon kana horar da su faɗa, shi da tagwayensa Silver, waɗanda suka biyo bayan Red da Blue. Na tsince shi a wani ɗan shago a Den Den Town, unguwar kayan lantarki ta Osaka, babu kwali babu komai, yen dubu biyu da ɗoriya. Na Japananci ne, amma kada ku tsorata, rubutun kusan duk da kana ne, haruffansu masu sauƙi, ba kanji masu wuya ba, don yara aka yi shi. Ni kuwa, ba yabon kai ba, karanta shi nake yi kamar ruwa.

Agogon nan shi ya tafi da imanina. Da ka fara wasa za a tambaye ka ƙarfe nawa, a tambaye ka wace rana ce, daga nan kuma ba kai kake juya wasan ba, shi yake juya ka. Gasar kama ƙwari a National Park sai Talata, Alhamis da Asabar. Lapras ba ya fitowa a ƙasan Union Cave sai ranar Juma'a. Akwai wani dattijo, Kurt, a Azalea, ka kai masa 'ya'yan Apricorn ya ƙera maka ƙwallon kamu, sai ya ce ka dawo gobe, kuma goben gaske yake nufi, sai ka kwana ka tashi. Eevee ma haka: in ya shaƙu da kai ya rikiɗe da rana, Espeon za ka samu, in da dare ne Umbreon. Ni Umbreon nake so, shi ya sa da rana ba na barin Eevee ɗina ya taɓa faɗa. Ga mutum da gemunsa, yana cikin jirgin ƙasa zai tafi aiki, yana lissafin lokacin rikiɗar dabbar da ba ta da rai. Allah Ya shirye mu.

Sun ƙara sabbin halittu 100, jimilla ta zama 251, yanzu akwai mace da namiji, ka bar biyu a gidan reno na Route 34 ka dawo ka tarar da ƙwai. Kowanne kuma zai iya riƙe abu a hannu, ya ci ɗan itace ya warkar da kansa ana tsakiyar faɗa. Abin da ya fi min daɗi shi ne karya lagon su Alakazam da Mewtwo. Duk wanda ya buga Red ya san masu ƙarfin ƙwaƙwalwan nan sun zama 'yan kama-karya, ba mai iya tanka musu. Sai aka kawo nau'in duhu, wanda harinsu ba ya ko taɓa shi, da nau'in ƙarfe mai shanye duka. Kowa ya samu daidai da shi.

Sai wayar nan, Pokégear. Taswira, rediyo, da kira. Wani yaro Joey ya karɓi lambata, tun daga ranar ban huta ba, kullum labarin Rattata ɗinsa. Amma akwai kiran da ya taɓa ni. Mahaifiyarka a wasan tana adana maka wani kaso na kuɗin da ka ci, wani lokaci ta bugo ta ce ta sayo maka wani abu da su, ka yi haƙuri. Ina karanta wannan na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Na duba agogo, awa takwas ne tsakaninmu da gida, na ga da sauran rana can, na ɗauki wayar gaske na kira Hajiyata. Ta ce lafiya dai? Na ce lafiya lau Hajiya, muryarki kawai nake son ji. Ta yaya zan ce mata gem ne ya tuna min?

To bari in ja muku kunne tun wuri. A Goldenrod akwai wata yarinya Whitney, ita ce ta uku a jerin shugabannin da ke ba ka bajo in ka ci su a faɗa. Kada fuskarta ta yaudare ku. Saniyarta Miltank in ta fara birgimar nan ta Rollout, kowane zagaye duka yana ninkawa, ka kusa kayar da ita ta sha madara ta miƙe garau. Ku kama Drowzee a Route 34, ku hau babban kantin garin ku yi musanya da Machop, shi ne maganinta. In ka ci ta kuma sai ta fashe da kuka ta hana ka bajon, sai ka sake yi mata magana. A na Japananci da karin harshen mutanen Kansai take magana, irin wanda nake ji kullum a tashar jirgi, don Goldenrod ɗin Osaka aka kwaikwaya, Ecruteak kuma Kyoto. Wato a garin Whitney nake zaune.

Gargaɗi na biyu ya fi zafi. Agogon da nake ta yabo, shi yake cinye ɗan batirin da ke cikin kaset, kuma batirin nan shi ke riƙe da duk abin da ka adana. In ya mutu, kai da Pokémon ɗinka sai a darussalam. Mafi yawan kaset ɗin asali nasu ya daɗe da mutuwa. Kafin ka miƙa ko yen ɗaya, ka sa mai shago ya adana wasa, ya kashe na'ura, ya kunna a gabanka. Nawa an riga an canza masa. Kuma kada ka haɗa igiyar sadarwa tsakanin kaset na Japananci da na Turanci don musanya, yana iya lalata muku ajiya ku duka biyun.

Su jan Gyarados na Lake of Rage da Raikou da ke gudu da zarar kun haɗa ido, sai wani bidiyon. Amma wannan ba zan iya riƙe shi ba. Ka gama bajo takwas na Johto, yankin da wasan ya fara, ka ci gasar ƙarshe, kana zaton an tashi, sai a miƙo maka tikitin jirgin ruwa S.S. Aqua. Ka sauka a Vermilion. Kanto ce, ta tsohon wasan, shekara uku bayan labarin farko, da wasu bajo takwas suna jiranka. Dutse ya yi aman wuta ya share Cinnabar, Blue, abokin hamayyarka na tsohon wasan, ya zama shugaba a Viridian, tsohon shugaba Koga ya bar wa 'yarsa Janine kujerarsa. A can ƙololuwar Mt. Silver kuma Red ne a tsaye, yaron da ka yi wasa da shi a da, ba ya cewa uffan, sai dai ya jefo maka Pikachu mai mataki 81. Nawa mafi ƙarfi bai kai 50 ba, don haka ba yanzu zan hau dutsen nan ba.