Wa ke riƙe da yaro da ƙarfe goma na safe? Laccar da aka yi a Tawa

Assalamu alaikum. Iyayena masu unguwa, ƴan uwana mata, sannunku da zuwa. Abu uku zan faɗa kan renon yara, na baya kuna ji na ko?

Na farko lissafi. Ƙidayar 2012 ta ce mun haura miliyan 17 a Nijar, jihar Tawa kaɗai sama da miliyan 3, kuma duk shekara muna ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari, wato kamin shekara 20 mun ninka. Jaririn da aka ci sunanshi bana, nan da shekara uku yana ƙofar jardan, an jima kaɗan yana CI, ajin farko na firamare. Mai son sanin aji nawa za a gina ba sai ya je wajen mai duba ba, ya tafi CSI, wato likitar unguwa, a buɗe mishi rajistar awo da rigakafi, ya leƙa meri wajen takardun haihuwa, sannan ya tambayi masu ɗigon shan inna, su da ke shiga gida gida suna rubutu da alli a ƙofa.

Amma ni abin da ke ci mani rai, ƙirga yara bai isa ba. Ku shiga gida ku yi tambaya ɗaya: da ƙarfe goma na safe wa ke riƙe da yaron nan? In kun ce ma uwa kina buƙatar gidan reno, za ta ce a'a Alhamdulillahi, kunya ce. Amma ku ce jiya da hantsi yana hannun wa, sai gaskiya ta fito. Maigida ya tafi bida Abijan ko Libiya, uwa tana bakin tuya ko tana garka wajen albasa, yaro yana bayan yarinya ƴar shekara takwas. Shekara takwas fa jama'a! Na yi shekaru ina koyarwa, na san bencin da ke zama wayam ran da aka haihu a gida. Yau ba ta zo ba, gobe ta zo da goyo ta tsaya a taga tana leƙe, wata uku shi ke nan an shafe sunanta. Gidan renonmu na yanzu ke nan, bayan ɗiyanmu mata, kuma ba ya cikin rajistar kowa. Ku rubuta ta. Duk yarinyar da goyo ya hana lekol, gurbi ɗaya ke nan da ake buƙata a gidan reno. Hajiya na ga kina dariya, kin tuna naki goyon ko?

Na biyu lokaci, buƙatar damina daban ta rani daban, ran Lahadi da kasuwa ke ci kuma daban. Na ukun... kuɗi ne ko wuri? To wuri dai, kar ya yi nisan da uwa za ta hau kabu-kabu, ga ruwa ga inuwa ga makewayi.

(Wani dattijo ya ɗaga hannu: Malama, to kakanni fa? Mu a hannunsu muka tashi.)

Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka. Su ma a rubuta su, da sunansu da yawan jikokin da ke hannunsu. Akwai tsohuwar da ke riƙe da biyar ga ciwon ƙafa, ita ma taimako take so. Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi a 1991 sun nuna mana mata na iya tara asusu su riƙe shi da kansu, to a ware wani abu daga asusun a ba tsohuwar ladanta, a haɗa ta da mace ɗaya mai ƙarfi, a kafa rumfa. Baba, unguwarka za mu fara ƙirgawa, ran Litinin bayan la'asar, ka sa a yi mana shela.