Takin Tumatir: Ganye Kake Nema ko 'Ya'ya?

Manoma 'yan'uwa, barkanku da aiki. Dubi wannan fangali a bakin Gulbin Maradi: ganye kore shar, tsiro ya kai ƙugu, amma 'ya'ya sai ka laluba. Ure, farin takin zamani, ce ta yi masa yawa.

Lambobi ukun da ke jikin buhun takin zamani, 15-15-15, kowace tana nuna sinadari guda da aikinsa. Ta farko azot, mai ganye. Ta biyu fosfor, mai saiwa da fure. Ta uku fotas, shi ke sa tumatir ya yi nauyi, ya nuna bai ɗaya, ya jure hanya har kasuwa. Ita ure, azot ce zalla, kashi 46 cikin ɗari, babu sauran biyun ko kaɗan.

A fangali mai faɗin mita 2 da tsawon mita 5, fara da takin gida wanda ya ruɓe sosai, kilo 20 zuwa 30, mako biyu kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Sannan 15-15-15 giram 300, a cuɗa da ƙasa. Bayan mako uku da dashe, ure rabin marfin kwalbar lemo ga kowane gindi, tazarar yatsu huɗu daga kara, a rufe, a ba da ruwa nan take. In aka bar ta a fili, iska ce za ta sha rabonta.

Da fure ya fito, janye hannu daga ure. Koma 15-15-15, marfi ɗaya kowane gindi, ka maimaita in 'ya'ya sun fara girma. A ƙasar jigawa ruwa na saurin wanke taki, don haka kaɗan-kaɗan sau uku ya fi zubi guda. Toka tana ƙara fotas, amma kada ta haɗu da ure rana ɗaya.

Ganyen ƙasa ya yi rawaya? Azot ya gaza. Bakin ganye ya ƙone? Fotas ne ya gaza. Shi kuwa baƙin tabon da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, da yawa suna ruga sayen maganin feshi, asarar kuɗi kawai. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ɗan ba, galibi saboda ban ruwa yau da yawa, gobe babu. Daidaita ruwan tukuna, ka tsinke masu tabon.